Ga mai koyon golf: ka bar direba ta huta, mu koma bakin rami

Jiya bayan Magariba wani ƙanina da ya fara koyon golf bana ya turo mini hoton wata sanda da ya ga ana tallanta a Facebook, yana tambaya ko ya sayar da tunkiyarsa ya saya. Direba ce, doguwar nan mai ƙaton kai da ake buɗe wasa da ita. Na ce masa ya bar tunkiya ta haihu. Amma da na kwanta maganar ta ƙi barin raina, don ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Kusan duk sabon shiga da na sani, burinsa ya zabga wa ƙwallo duka ta tashi ta ɓace wa ido. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni mutumin ƙauye ne a ƙasar Kiyawa, da damina gero da wake nake nomawa. Wasan nan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu a Dutse na same shi, a filin da marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi ya gina, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da ɗaukar jaka na fara. Mai ɗaukar jaka kuwa yana ganin abin da mai wasa ba ya gani, domin shi ba zuciyarsa ce ke tafasa ba, lissafi kawai yake yi.

Ga abin da lissafin ya nuna mini. Cikakken fili ramuka 18 ne, kuma a mafi yawan filaye bugu 72 aka ƙayyade wa gwani ya gama su. A cikin wannan adadi an ware bugu biyu-biyu a kowane rami don gangara ƙwallo a ƙasa har ta faɗa, wato 36. Rabin wasan kenan, kuma da sanda guda ake yin sa, 'yar gajeriyar nan da ake kira fota. Direba fa? A irin wannan fili yawanci ramuka huɗu gajeru ne, ba sa buƙatarta, don haka in ta yi yawa ka zaro ta sau 14. Sandar da za ka taɓa sau 14 kake son rabuwa da tunkiya saboda ita, wadda za ka taɓa sau 36 ko 40 kuwa ba ka taɓa ware mata ko awa guda ba.

Akwai wani Alhaji da na daɗe ina ɗaukar wa jaka, mutumin kirki mai sakin hannu. Jakarsa sanduna 14 ne cif, iyakar abin da doka ta yarda a ɗauka, kowacce sai ƙyalli take. Wata safiya a wani rami da aka ƙayyade wa bugu huɗu, ya yi bugu biyu masu kyau, ƙwallo ta tsaya taku talatin daga rami. Ya zaro sanda ya so ya ɗebo ta sama da wuyan hannu, sai bakin ƙarfen ya dake ta a ciki, ta wuce ramin da gudu ta faɗa kwarin yashi. Sau uku yana dukan yashi kafin ta fito. Sannan ya gangara sau uku. Ya tashi da tara. Bugu biyu sun ci masa tafiyar fiye da mita 300, taku talatin kuma ya ci masa bugu bakwai. Muna tafiya rami na gaba ya ce, "Yaro, direbar nan tawa ta tsufa, zan sa a kawo mini sabuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, yau dai direba ba ta yi maka laifi ba. Da za ka ba ni yamma uku a bakin yashin nan, da ka ga bambanci." Ya yi shiru har muka isa, sannan ya ce in jira shi ran Laraba bayan La'asar. Bai sayi sabuwar ba, kuma kafin ƙarshen ranin nan abokan wasansa sun fara tambayarsa wa ke koya masa.

Duk mai ganin rashin kaya ne ya hana shi ci gaba, ya nemi labarin Seve Ballesteros. Ɗan ƙauyen Pedreña ne a arewacin Sifaniya, mahaifinsa manomi. Shi ma ɗaukar jaka ya yi yana yaro, kuma da sandar ƙarfe guda ɗaya mai lamba 3 ya koyi wasa a kan rairayin bakin teku. Da yake ba shi da wata, dole ta sa ya koyi ɗaga ƙwallo da ita, da kwantar da ita, da lanƙwasa ta. A 1979, yana ɗan shekara 22, ya ci gasar Open ta Birtaniya, a 1980 ya ci Masters a Amurka, ya gama da manyan kofuna biyar. Har yau in ana zancen gwanin fitar da ƙwallo daga mummunan wuri, sunansa ake fara kira.

Mu kuwa neman rairayi ba sai mun je bakin teku ba, sunan jiharmu Jigawa ma daga tudun yashi aka samo shi. Da zarar an cire amfanin gona, an kwashe kara da harawa, gona ta zama fili har faɗuwar ruwa, wata shida ko bakwai. Ni ga yadda nake yi. Ina shimfiɗa tsohon buhun taki in danne kusurwoyinsa da duwatsu, in ja baya taku goma da ƙwallaye goma, tsofaffi irin waɗanda ake tsintowa cikin ciyawa. Ba na ƙara ko taku ɗaya sai shida cikin goma sun sauka a kan buhun ko a jikinsa. Daga nan taku ashirin, sannan talatin. Abin da ake koya wa hannu a nan shi ne inda ƙwallo za ta sauka, domin sauran tafiyar ƙasa ce ke yin ta. Da rani ma, da ƙasa ta bushe ƙamas, sai ka sauke ta nesa da rami ka bar ta ta gangara da kanta.

Kuskuren Alhajin nan shi ne kuskuren kowa: son taimaka wa ƙwallo ta tashi. Dubi fuskar sandarka. A kishingiɗe take da gangan. Ta weji, wadda ake shiga yashi da ita, ta kai wajen digiri 56, ta direba kuwa wajen 10 ce. Maƙeri ya riga ya yi maka aikin ɗagawa. Naka shi ne ka ɗora nauyinka a ƙafar gaba, hannayenka su ɗan riga ƙwallo, ka sauke ƙarfen ya sami ƙwallo tukuna sannan ya sami ƙasa. A kwarin yashi ne kaɗai abin yake juyewa. A can ba ƙwallon ake duka ba, yashin da ke bayanta ake sara, kamar faɗin yatsu biyu ko uku, shi ne zai ɗauko ta ya fito da ita. Kuma kada ka tsayar da hannu in ka ji ƙarfen ya nutse, ka bi shi har sama. Ka saba riƙe sandar a sama kaɗan tun a gona, domin a fili doka ta hana ta taɓa yashin da ke jikin ƙwallo kafin bugu.

Maganar ƙarfi kuwa, ka tsaya ka kalli mata suna lugude. Ba wadda ke matse taɓarya. Ɗaga ta ake yi a bar nauyinta ya sauko, har a sake ta a tafa a cafe, kiɗan bai karye ba, gero kuma yana dakuwa. Haka bugun golf yake so. Mai koyo yakan damƙe sanda har jijiyoyin hannunsa su fito, kafaɗa ta sandare, fuskar sanda ta iso a buɗe, ƙwallo ta kama hanyar dama ta shige ƙaya. Da hunturu abin ya fi muni. In iskar arewa maso gabas tana dukanka a fuska, ƙara ƙarfi ƙara wa ƙwallo juyi ne, sai ta hau sama ta tsaya ta faɗo kusa. Inda ka saba ɗaukar sandar ƙarfe mai lamba 8 ka ɗauki mai lamba 6 da ta fi ta kai ƙwallo nesa, ka buga a natse.

Kada wani ya ce na ce nisa ba shi da amfani. Yana da shi, ƙwararru ma da shi suke tsere wa juna. Amma su tasu tana sauka inda suka nufa. Kai in taka ta shiga daji, minti uku kacal doka ta ba ka ka nemo ta tun gyaran 2019. In ba ka gan ta ba, an ci ka tarar bugu ɗaya, ka koma inda ka buga, in a bugun farko ta ɓace, wanda za ka yi yanzu shi ne na uku. Mita 150 a tsakiyar fili ya fi mita 220 cikin ƙarangiya. Buɗe wasa da ƙarfe mai lamba 5 ko 7 ba abin kunya ba ne, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Fota kuma ko gona ba ta buƙata. Faɗin rami milimita 108 ne, kusan tafin hannu. Ka kwantar da kofin shayi a kan tabarma ko simintin zaure, ka tsaya taku ɗaya ka zura ashirin a jere, in ka kuskure ɗaya ka koma farko. Daga nesa kuwa kada ka damu da faɗawa, ka koyi tsayar da ita kusa yadda na biyu ba zai gagara ba. Minti goma sha biyar kullum bayan Isha'i ya fi wuni guda a wata. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji, wanda ya ci gasar Open ta Najeriya a 1988 ya kuma zama na ɗaya a duniya a 2004, abin da aka fi saninsa da shi shi ne daɗewa a wurin atisaye.

Sannan ka sami ɗan littafi. Duk ranar da ka samu ka je fili, ka rubuta gangara nawa ka yi, ƙwallo nawa ta ɓace, bugu nawa ka kashe cikin taku hamsin na ƙarshe. Ka rubuta gaskiya. A golf ba alƙalin da ke bin ka da usur, kai ne mai wasa kai ne mai shaida, kuma wanda ya rage wa kansa bugu a takarda ya ɓoye wa kansa wurin da ciwon yake.

Roƙona na ƙarshe ga masu atisaye a gona: ƙwallon nan nauyinta bai kai giram 46 ba, amma taurinta na dutse ne. Ka nemi izinin mai gona, ka duba yara da masu kiwo kafin kowane bugu, ka juya wa gidaje da hanya baya.

Ƙanin nawa dai na ba shi aron weji ɗina da ƙwallaye takwas da buhu ɗaya. Ran Asabar bayan La'asar za mu haɗu a gonarmu, gindin gawon nan, daga taku goma za mu fara. Duk wanda ke kusa da mu kuma yana sha'awa ya yi mini magana ya zo, sandar guda za mu riƙa karɓa-karɓa.