Labule Na Tashi Rinawa

Saura kwana tara Babbar Sallah, Maman Ummi ta tsaya a tsakiyar falo ta riƙe ƙugu ta ce labulayen nan sun gaji. Gaskiyarta ne. Tun na jerenta ne, rana ta cinye su har ba ka iya rantsuwa a kan launinsu na asali. Sai dai a lokacin na riga na sayi rago, fari tas, mai murɗaɗɗen ƙaho, kuma duk wanda ya sayi rago a wannan zamani ya san abin da ke saura a aljihunsa. Da mai labule ya zo ya auna taga biyu da ƙofa ɗaya ya faɗi kuɗinsa, sai na ce masa za mu yi waya. Shi ma ya san ma'anar "za mu yi waya", ya naɗe tef ɗinsa ya yi gaba.

Da dare ina kwance ina latse-latsen waya, sai ga bidiyon wata mata tana rina farin yadi a cikin roba. Ta ɗaure, ta tsoma, ta kwance, sai ga zane kamar taurari. Duka-duka minti uku. Na tashi zaune. Ashe abin da ake tatsar mu a kai ke nan? Ni fa Bakano ne, haifaffen cikin badala. A garin nan marinar Ƙofar Mata take, wadda aka rubuta 1498 a bakinta. A ƙasar nan Kura take, inda turkuɗinta ke ratsa sahara har wurin Buzaye. Na ce ko ba komai rini a jininmu yake. Cewa kakana fataucin goro ya yi har ya koma ga Allah bai taɓa leƙa karofi ba, wannan ban bari ya shigo lissafi ba.

"Maman Ummi, ki bar min maganar labulen nan. Da hannuna zan yi."

"Kamar yadda ka yi mana kantar takalma, Baban Ummi?"

Kantar takalma wani tsohon zance ne da ya kamata a ce an manta da shi. Ba laifina ba ne, bangon ne ba shi da ƙwari.

Ranar Asabar na yi sammako zuwa Kantin Kwari na yanki akoko yadi goma sha biyu. Daga nan na faɗa Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ɓatar da baƙi a lungunanta, ni ma sai da na zaga rumfar masu sirdi sau biyu kafin na samu mai kayan rini. Ya auna min shuɗiyar galura, ya ƙulla min soda a leda ɗaya, ya ƙulla wani farin gari da suke kira haidiro a wata. Sannan ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Alhaji, ka taɓa yi kuwa?"

Na ce ai ba wani abu ba ne.

Ya ce to abu uku zai gaya min. In fara wanke akokon sitacinsa ya fita, in ba haka ba rini ba zai kama daidai ba. In haɗa a cikin roba, kada in kuskura in sa soda a tukunyar alminiyam. Sannan in sa safar hannu, don soda ba ta san Alhaji ba. Na ce "to, to, to", irin to ɗin mutumin da ya riga ya kalli bidiyo sau shida. Ya ba ni lambarsa ya ce ko da wani abu. Na karɓa don kada ya ji babu daɗi.

Na tarar Maman Ummi ta kwashi yara sun tafi gidan suna. Gida ya zama nawa, daga ni sai rago a turkensa yana tuƙa yana kallona.

Wanki dai na tsallake shi, don in na tsaya jiran yadi goma sha biyu ya bushe, har su dawo ban fara ba, ni kuwa so nake a shigo a tarar da abin mamaki. Na zauna ɗauri. Ka sa ɗan tsakuwa a cikin yadi, ka naɗe wuyansa da zare tamau, inda zare ya matse nan ne rini ba zai shiga ba, shi ne ke fitowa fararen zobba. A cikin gari mata ne ke wannan aiki a ɗakunansu, wata sai ta kwashe kwanaki a kan zane ɗaya. Yanzu na san dalili. Ina kai tsakuwa ta ashirin yatsuna suka ƙage. Na koma robar ɗaurin kuɗi. Da ita ma ta ƙare, sai na kama sauran yadin na yi masa ƙulli uku manya, irin na daddawa a bakin zane, na ce wannan salon zamani ne.

Sai maganar mazubi. Babbar robar gidan tana gaban rago da ruwan dusa a ciki. Bahon wankan yara ya yi kaɗan. Ina waige-waige idona ya faɗa kan tukunyar nan da ke kife a saman kicin, ƙatuwa, wadda Hajiyarsu Maman Ummi ta ba ta, wadda ba a sauke ta sai suyar naman Sallah. Na tuna maganar mai galura sarai. Amma na ce ai minti talatin ne kawai, kafin tukunya ta ankara na gama na wanke ta na kife ta inda take.

Na zuba ruwan zafi, na zuba soda, na bi da haidiro da galura, na juya da muciya. Ita ma muciyar ban so a tambaye ni labarinta. Nan take tukunya ta fara wani tsuwa ƙasa-ƙasa tana tsattsafo da ƙananan kumfa daga gefe, alhali ba a kan wuta take ba. Wani wari ya tashi, wari mai shiga har maƙogwaro. Maƙwabcina ya yi gyaran murya ta bayan katanga ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Ko masai ne ya fashe?" Na ce a'a, ɗan aikin hannu nake yi. Ya ce Allah ya ba da sa'a, na ji yana rufe tagarsa.

Safar hannu kuwa na manta ban saya ba. Na zura hannuwana a ledar biredi biyu na ɗaure a wuyan hannu. Tsomawar farko ledar dama ta huje, ta hagu ta bi sahu. Na ji hannuna ya yi santsi yana ɗan raɗaɗi, na ce namiji ba ya barin aiki a tsakiya.

Da na ɗago yadin sai gabana ya faɗi. Kore! Wani kore-kore mai ruwan ɗorawa, kamar miyar kuɓewar da aka tsinka da ruwa. Ni da na sayi shuɗi. Na yar da shi kan igiya, na ɗauraye hannu, na ɗauko waya na kira mai galura. Ban ko amsa gaisuwarsa ba. Na ce tsakani da Allah abin da ya yi min ya kyauta? Na ce masa shuɗi, ya ɗauki kore ya ba ni don ya ga ban san kan abin ba, ana saura kwana kaɗan Sallah, bai ji tsoron haƙƙi ba. Bawan Allah ya bar ni na zazzage tas. Sannan ya ce, "Alhaji, yadin yana ina yanzu?"

"Yana kan igiya."

"To juya ka kalle shi."

Na juya. Shuɗi. Ina kallo sauran koren da ke cikin ninki yana rikiɗa a gaban idona. Ya ce haka abin yake, a cikin ruwa haidiro ne ke narkar da galurar ta koma kore don ta samu shiga zare, iska ce ke mayar da ita shuɗiya idan an ɗago. Ya ce ko a karofi haka baban rini yake yi, shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagowa. Na ce masa dama gwada shi nake yi. Ya ce ya gane. Sai ya ƙara da cewa, "Ina fatan dai a roba ka haɗa." Na ce sabis ba shi da kyau, na kashe.

Tukunyar Hajiya ta yi baƙi ƙirin daga ciki, ta yi ƙuraje kamar wadda ta yi ƙyanda. Na goge ta da toka, na goge da soson ƙarfe, na ɗaga ta sama don in duba, sai na hango rana ta wani ɗan ƙaramin huji a gindinta. Na kife ta a mazauninta a hankali, na juya ɓangaren da ya fi kyau yana kallon ƙofa.

Aka kira La'asar. A wurin alwala ne na tsaya na kalli hannuwana da kyau. Shuɗi har wuyan hannu, farce kuwa kamar an zuba musu tawada. Sabulu bai yi komai ba. Na tafi masallaci hannu a cikin aljihu, amma ba a salla hannu a aljihu. Da aka sallame, wanda ke damana ya miƙo hannu mu gaisa, ya ga nawa, ya mayar da nasa ƙirji ya ce, "Sannu, Malam, Allah ya ƙara sauƙi."

Ina dawowa tun daga zaure na ji ihun yara. Sun dawo. Na shiga da murmushina ina jiran yabo, sai na tarar ba labule suke kallo ba. Rago ne ya tsinke igiyarsa, ya je ya samu jiƙaƙƙen yadin da ban ɗauraye ba yana lilo, ya yi ta soshe-soshe a jikinsa son ransa, har ya janyo shi ƙasa ya kwanta a kai. Daga wuya zuwa gindi, ɓangarensa na dama duk ya rine. Ga shi tsaye yana taunar ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullena. Ummi tana tsalle tana cewa, "Ragonmu ya yi kwalliyar Sallah!"

Maman Ummi ba ta ce uffan ba. Ta kalli rago, ta kalli hannuna, ta kalli muciya. Sannan ta ɗaga kai a hankali ta kalli saman kicin. Ban san yadda mata ke yi ba. Tukunyar tana nan a kife yadda take, amma ta sani.

Daren nan da cokali na ci tuwo, don yara sun ce ba za su haɗa kwano da ni ba. An gwada lemon tsami, an gwada kananzir, an gwada dutsen goge kaushi. Bayan Isha'i na ja liman gefe na ce ina da tambaya biyu. Ta farko, alwalata ta yi da wannan hannu? Ya juya hannun ya duba ya ce launi ne kawai kamar lalle, ba ya hana ruwa taɓa fata, sai dai bai saba ganin shuɗin lalle ba, balle a hannun magidanci. Ta biyu, na yi ƙasa da murya, ya halatta a yi layya da shuɗin rago?

"Shuɗi kuma?"

"Ɓangare ɗaya ne, Allah gafarta Malam."

Ya ce abin da aka hana shi ne mai ido ɗaya, da gurgu, da marar lafiya, da ramamme wanda ba shi da ɓargo. Shuɗi ba ya cikin lissafi. Amma yana so ya zo ya gani da idonsa. Ya zo kuwa, da ladan da mutum huɗu.

Labulen da na kwance washegari, ba a magana. Inda sitaci ya hana rini kamawa ya yi dabbare-dabbare, tsakuwoyin nan ashirin sun taru a kusurwa guda, manyan ƙullin sun bar wasu fararen taswirori kamar fitsarin kwance. Ga shi ruwan zafi ya sa akokon ya tsuke, na gwada a ƙofa ya tsaya min a ƙwauri. Na naɗe shi na nufi Ƙofar Mata ko za a rufa min asiri. Wani dattijo yana zaune a bakin raminsa, ramin da ya fi tsayin mutum biyu zurfi, wanda baba da toka da kanwa ke kwashe makonni suna nuna a ciki kafin a tsoma ko ƙyalle. Ya ga hannuna tun kafin ya ga kayan, ya ce, "Sannu ɗan'uwa, a wace marinar kake?" Na ce, "Baba, ta tsakar gida." Ya warware yadin, ya daɗe yana kallo, ya ce abin da zai iya kawai shi ne ya mayar da shi shuɗi mai duhu gaba ɗaya, a kai wa masu bugu su buge shi ya yi sheƙi. Gajartar kuwa sai dai in rage ƙofar.

Na biya rini, na biya bugu, na sayi sabuwar tukunya da muciya, sannan na kira mai labule na ce ai ga shi mun yi wayar. Nawa yadin yana ƙofar kicin yanzu, kaji na wucewa ta ƙarƙashinsa ba sai sun sunkuya ba.

Ranar Sallah yaran unguwa sun cika ƙofar gidana tun kafin a sauko daga Idi. Da masu karɓar fata suka zo, Maman Ummi ta ce wannan ba ta fita daga gidan nan. Ta aika da ita majema aka jeme ta da gashinta, aka dawo mana da buzu, rabi fari rabi shuɗin sararin sama. Ta shimfiɗa shi a tsakiyar falo, gaban sababbin labulen da har yau ban gama biya ba. Duk baƙon da ya shigo ba ya ko kallon labule, sai ya tsuguna ya shafa buzun ya ce kai, wannan daga ina aka kawo shi, Agadas?

Ita kuwa sai ta ajiye tiren ruwa, ko murmushi babu, ta ce, "A'a, aikin hannun Baban Ummi ne. Shi da rago suka yi."