Mutumin da ya yi haƙa a faƙo har ya zama daji

Kwana biyun nan Yakuba Sawadogo ne a raina, Allah ya jiƙansa. Manomi ne daga yankin Yatenga a arewacin Burkina Faso, ya rasu a watan Disamba na 2023. Duk lokacin da na ji ana maganar masu kare ruwa da ƙasa kamar wasu 'yan gayu ne masu yawon taro a otal, shi nake tunawa.

Da farko kasuwanci yake yi a Wahiguya, babban garin yankin. Da farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya ci yankin, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka yi ta kwashe kayansu suna barin ƙauyuka, sai shi ya juya ya koma gona. Gonar ma faƙo ce, ƙasar da ta ƙeƙashe har fartanya ke tsalle in an sara. Ruwan sama in ya sauka a irin wannan wuri ba ya shiga, gudu yake yi, ya kwashi ɗan abin da ya rage na ƙasa mai kyau ya zuba a kwari.

Abin da ya yi ba baƙo ba ne, tsohuwar dabara ce ta kakanninsa da suke kira zai, wato haƙa ƙananan ramuka a gona a yi shuka a cikinsu. Shi dai ya gyara ta. Ya faɗaɗa ramukan, ya ƙara musu zurfi, ya riƙa haƙa su tun da rani, cikin zafin da kowa ke neman inuwa. Kowane rami ya zuba masa taki da busasshen ganye. Takin ya jawo gara, gara kuwa ta huda ƙasar ta yi hanyoyi a ciki, ta yadda in ruwan farko ya sauka sai ya tsaya a ramin ya nutse. Ya kuma jera duwatsu a layi a gicciyen gangare don su rage wa ruwa gudu. Ku duba fa, garar da manomi ke gani a matsayin abokiyar gaba, ita ya ɗauka aiki. A ramukan ya shuka gero da dawa, irin itatuwan da ke cikin kashin dabbobi kuma ya tsiro, bai cire ba, ya raine su.

Mahaukaci aka riƙa ce masa. Har wuta aka taɓa sa wa wurin. Wannan ne ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne ainihin rayuwar mai irin wannan aiki: shekara da shekaru kana yin abin da ba a ganin amfaninsa yau, kuma waɗanda kake yi dominsu su ne ke maka dariya. Bai yi fushi ya rufe iliminsa ba. Ya riƙa tara manoma suna musayar iri, yana nuna musu yadda ake haƙan. A ƙarshe faƙon nan ya zama daji mai kusan hekta 40, da itatuwa da tsirrai sama da iri 60.

Wani zai ce ina ruwan wannan da tsabtataccen ruwan sha? Ai duk abu ɗaya ne. Ruwan da ya nutse a ƙasa shi ne ke tacewa a hankali ya je ya ciyar da rijiya. Wanda ya gudu a kan ƙasa tsirara kuwa, laka da ƙazanta yake kwasowa ya juye a tafki. Duk wanda ya taɓa ajiye bokitin ruwa ja yana jiran ya kwanta kafin a ba yaro, ya ga tabon da ke taruwa a gindin bokitin, to ya ga gonar wani ce ta zaizaye ta iso gidansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke jira sai duniya ta tafa wa mutum kafin mu san darajarsa. Wangari Maathai ta fara dashen itatuwa da matan Kenya a 1977, ta sha duka da kamu, sai a 2004 aka ba ta kyautar Nobel. Berta Cáceres ta Honduras ta tsaya kan kogin Gualcarque don kada a datse wa mutanenta shi, aka karrama ta a 2015, a watan Maris na 2016 aka bi ta har gida aka harbe ta. Lambar yabo ba ta tare mata harsashi ba. Shi kansa Yakuba sai a 2018 ya samu babbar lambar Right Livelihood, yana da shekara fiye da 70, alhali a lokacin gari yana ta matso dajinsa, ana yanka filaye ana gini a gefensa. Wallahi abin da ciwo, mutum ya raini itace shekara 40 sannan ya koma roƙon kada a sare.

Dabarar tasa dai ta riga ta bar hannunsa tun yana raye. A Nijar, wajen Tawa, tassa suke ce mata, kuma duk rani akwai masu fita da sassafe da fartanya da buhun taki, suna haƙa rami bayan rami a busasshiyar ƙasa, watanni kafin hadari ya haɗu.