Gurɓatar Muhalli: Ɓarnar da Ido Ba Ya Gani, da Wanda Ake Bari da Ita

Da an ambaci gurɓatar muhalli, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne juji, da kwata mai wari, da ledojin da iska ke kwasa tana maƙala wa bishiyoyi. Duk waɗannan suna ciki, amma su ne ɓangare mafi sauƙi, shi ya sa ma hukumomi ke son a tsaya a kansu: a ware ranar tsafta, a share titi, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida. Ni kuwa a ganina, muddin ido da hanci ne ma'auninmu, za mu yi ta share abin da ke ɓata mana gani, mu bar abin da ke kai mu kabari.

Masana sukan raba matakai biyu. Akwai a tarar da wani abu a inda bai kamata ya kasance ba, ko ya zarce yadda aka saba samunsa. Akwai kuma yawansa ya kai inda zai cutar da mutum, ko dabba, ko tsiro. Abin da ke kai matakin farko zuwa na biyu shi ne irin abin, da yawansa, da wurin da ya faɗa, da daɗewar da zai yi a can. Takin zamani alheri ne a gona. Amma idan ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi, kogi ya kai shi teku, sai gansakukar ruwa ta samu abinci ta yi ta yaɗo. Idan ta mutu ta nutse, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita su zuƙe iskar oksijin ɗin da ke cikin ruwan, kifin da ya iya gudu ya gudu, sauran su mutu. Haka ake gani duk shekara a inda kogin Misisipi na Amurka ke zuba a Tekun Mekziko, fili mai dubban murabba'in kilomita ya zama kufai a ƙarƙashin ruwa. Iskar ozon ma haka take: can sama tana kare mu daga hasken rana mai illa, a nan ƙasa kuwa tana ƙona huhu. Har ƙara da zafi suna shiga wannan lissafi idan suka yi yawa.

A wajen iska ne wannan magana ta fi nauyi. Abin da ya fi kisa a cikin hayaƙi wasu ƙananan ɓurɓushi ne da ake kira PM2.5, waɗanda faɗinsu bai wuce mikiromita 2.5 ba. Kaurin silin gashin mutum ya ninka su kusan sau 30. Hanci ba ya tare su, tari ba ya fitar da su. Su wuce can ƙuryar huhu, wasu su ratsa cikin jini. Daga nan sai ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da sankarar huhu, da ciwon haƙarƙari a jikin jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 7 duk shekara, kuma kashi 99 cikin 100 na al'ummar duniya suna shaƙar iskar da ta wuce iyakar da hukumar ta gindaya. Fiye da mutum biliyan 2 har yau da itace, ko gawayi, ko kananzir suke girki, galibi a ɗakin da hayaƙi ba shi da mafita, kuma mata da 'ya'yan da suke goye da su ne suka fi shan sa. Da wuya a ga takardar shaidar mutuwa da aka rubuta wa "hayaƙi". Za a ce zuciya ce ta buga, a yi jana'iza, a ci gaba da hura wutar.

Sai ɓarna ta fito fili kafin a yarda da ita. A watan Disamban 1952, daga ranar 5 zuwa 9, sanyi ya sa mutanen Landan suka yi ta ƙona kwal, iska kuma ta tsaya cak, hayaƙin ya haɗu da hazo ya zauna a kan birnin. Motocin haya suka tsaya, motocin asibiti suka daina fita, a wasu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafarsa, hayaƙin ya shiga har cikin gidajen kallo. Da farko aka ce mutum 4,000 ne suka mutu. Binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. A 1956 majalisar Birtaniya ta yi dokar tsaftace iska. Abin lura shi ne, hayaƙin nan ya daɗe yana kashe mutanen birnin a hankali, shekara da shekaru, ba wanda ya ɗaga murya sosai sai da ya kashe dubbai cikin kwana biyar.

Labarin Minamata a Japan ya fi wannan ciwo, domin a can an sani aka yi shiru. Masana'antar kamfanin Chisso tana zubar da ruwa mai ɗauke da zaiba a cikin teku. Ruwan tekun bai sauya kala ba. Zaibar ta shiga jikin ƙananan halittu, ƙananan kifaye suka ci su, manya suka ci ƙanana, a kowane mataki gubar tana ƙara taruwa, har ta iso cikin kwanon masunta. Kyanwoyin garin ne suka fara nunawa: su riƙa tangaɗi, suna juyi kamar masu rawa, wasu su faɗa teku. A 1956 aka kai wata yarinya 'yar shekara biyar asibiti, ta kasa tafiya, ta kasa magana, tana jijjiga. A 1959 likitan asibitin kamfanin da kansa ya ba kyanwa ruwan masana'antar a abinci, ta kamu da cutar, aka hana shi ci gaba da gwajin. Sai a 1968 gwamnati ta amince da musabbabin a hukumance, bayan an haifi yaran da suka sha gubar tun suna cikin mahaifa. Yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka sa wa hannu a 2013 sunan garin ta ɗauka.

A nan ne nake ganin ainihin ma'anar gurɓatawa take. Kusan kullum akwai wanda ya ci riba domin bai biya kuɗin tsaftace abin da ya zubar ba, akwai kuma wanda aka bari da biya, da lafiyarsa, ko gonarsa, ko ƙwaƙwalwar ɗansa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A 2006 wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya nemi sauke dagwalon sinadarai a Amsterdam, aka yanka masa kuɗi mai yawa, ya ƙi. Ya ƙarasa Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, aka ba wani ƙaramin kamfani aikin da araha, tankoki suka bi dare suna zubar da shi a wurare daban-daban na birnin. Hukumomi sun ce aƙalla mutum 15 sun mutu, fiye da 100,000 suka nemi magani. Kamfanin ya biya gwamnatin ƙasar kusan dala miliyan 200 ba tare da ya amsa laifi ba. Dagwalon bai sauya ba tsakanin biranen biyu. Inda ya fi arhar zubarwa aka nema. Ba mamaki ba ne da kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano cewa cikin mutum miliyan 9 da gurɓatawa ta kashe a 2019, wato mutuwa ɗaya cikin kowace shida, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke.

Akwai masu cewa ƙasar da ke neman ayyukan yi ba ta da sukunin wannan magana, a bari a gina masana'antu tukuna, tsafta ta biyo baya, ai haka Turai ta yi. Ban raina wannan hujja ba, domin yunwa da rashin lantarki su ma suna kisa. Amma tana ɗaukar cewa duk abin da aka ɓata ana iya gyara shi daga baya, kuma ba haka ba ne. Yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara biyu, ba arzikin ƙasa da zai mayar masa da basirarsa yana ɗan ashirin. Sannan Turai ta bi waccan hanya ne lokacin da ba a san illar ba, ba a kuma da kayan kauce mata. Yau an sani, na'urar tace hayaƙi da ta tace ruwan masana'anta kuma ba sababbin abubuwa ba ne. A 1987 ƙasashe suka haɗu a Montreal suka amince a daina amfani da sinadaran da ke huda rigar ozon. Firji da na'urar sanyaya ɗaki ba su ɓace daga duniya ba, rigar kuma tana farfaɗowa.

Saboda haka ban gamsu da wayar da kan da ke ƙarewa a kan "kowa ya gyara halinsa" ba. Gaskiya ne, kada a yar da leda a kwata, kada a ƙona taya. Amma matar da ba ta da kuɗin gas ba wa'azi take buƙata ba, mai shaƙar hayaƙin masana'anta kuma ba shi da zaɓin daina numfashi. Abin da ya yi aiki a inda aka samu sauƙi shi ne awo da doka: a auna iska da ruwa da ƙasa a kai a kai, a bayyana sakamakon kowa ya gani, wanda ya zubar ya biya. Wannan ƙa'ida tana cikin sanarwar da ƙasashen duniya suka amince da ita a taron Rio na 1992, aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

Dalma ta isa misali. An fara sayar da fetur mai dalma a Amurka a 1923. Shekara guda bayan nan ma'aikata biyar suka haukace suka mutu a wata matatar mai da ke jihar New Jersey, amma aka ci gaba da sayarwa, har sai 2021 da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa, kuma rahoton da asusun UNICEF ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da ita fiye da kima. Fetur ɗin ya tafi, amma dalmar tana nan cikin ƙurar gefen tituna, da tsohon fenti, da wuraren da ake fasa tsofaffin baturan mota ana narka su a fili kusa da gidajen mutane. Gwajin jini na 'yan mintoci kan nuna ta a jikin yaro, sai dai a wurare da dama da ake wannan narki ba a gwada yaran.