Kun kirga dan loto cikin masu aiki, to ina lissafin wanda rami ya rufta da shi?

Tun da hukumar kididdiga ta kasa NBS ta sauya yadda take lissafin marasa aikin yi a 2023, adadi ya fado daga kashi 33.3 zuwa kashi 4.1, wasu mutane suka samu abin yi a Facebook. Duk wanda ya bude baki yace ana shan wahala sai su manna masa hoton jadawali, ga shi nan 4.3 ne a rubu'i na biyu na 2024, ga hauhawar farashi ta sauko daga 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025, sannan su rufe da cewa ai yanzu gwamnati bata boye komai, duk an zuba a intanet, kaje ka duba. Wannan kaje ka duba din ce take bata min rai, domin wanda yake fadarta shi kansa bai taba zuwa ya duba ba, da yaje da ya ga abinda babu a wurin.

Ni ban ce NBS karya take yi ba, kada wani ya dora min. Ma'auni suka canza kuma sun fada da bakinsu. A da sai mutum yayi aikin awa 20 a mako kafin a cire shi daga sahun marasa aiki, yanzu kuwa idan yayi aikin awa daya tak cikin kwana bakwai don a biya shi ko don ya samu riba shikenan ya zama mai aiki, kuma haka kungiyar kwadago ta duniya ILO ta tsara. Hauhawar farashi ma shekarar da ake kwatantawa da ita aka matso da ita aka sake kwandon kayan, ba wai mudun masara ne ya sauko a kasuwar Taminus ta Jos cikin wata daya ba. Na yarda da duk wannan. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski. Rahoton NBS din nan da ake yawo dashi shi ne yace kashi 93 na masu aikin nan ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba, wato dan loton da ke shiga ramin hakar kuza da igiya a Barkin Ladi ta jihar Filato, da matan da ke wankin kuza a bakin ruwa a bayan Bukur, da masu fasa dutse, da leburan gini da ke hawa bene hudu da silifas da kwanon kankare a ka, duk su ne suka sauko maku da adadin nan zuwa hudu da digo. Kun kirga su ranar da suka dace da lissafinku. To ranar da rami ya rufta da mutum a wane jadawali yake?

A watan Nuwambar 2024 rami ya rufta da matasa 13 a wajen hakar ma'adinai a yankin Bassa na jihar Filato. Kafin nan a watan Yuni na shekarar an yi na Galkogo a Shiroro ta jihar Neja, inda mutane da dama suka makale a karkashin kasa, kuma har yau adadin wadanda suka rasu ya danganta da jaridar da ka karanta. Wadannan su ne manya da suka kai kunnen 'yan jarida. Wanda ya zauna a Jos ya san na mutum daya da na mutum biyu basu fita daga kauye, a tono gawa idan an samu, a yi sallah ko a kai coci, mai ramin ya kawo dan abin gaisuwa, bayan kwana uku a koma ramin da ke kusa. Ka bude kowane shafin gwamnati da kake so ka nuna min inda aka rubuta rana kaza, wuri kaza, mutum nawa, lasisin wane ne, me sufeto ya gano. Babu.

Kuma ba don babu doka ba ne, abin da ya fi ciwo kenan. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya sanar da sufeto duk hatsarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tace duk mai daukar ma'aikata ya zuba kashi daya cikin dari na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata NSITF, kuma ya kai rahoton rauni ko mutuwa. Ma'aikatar ma'adinai tana da sashen sufetoci sukutum. Ma'ana takardu suna shiga wasu ofisoshi a Abuja, ko kuma ya kamata suna shiga. Abin da ke fitowa kuwa sai jawabin shugaban hukuma a wajen taro, mun biya mutum kaza diyyar naira miliyan kaza, jimilla dunkule wadda bata da suna bata da adireshi, baka san wane kamfani ne yake cinye yatsun yara duk wata ba balle uba ya hana dansa zuwa neman aiki a can.

Abin dariyar shi ne an iya idan ana so. Ofishin da ke bada lasisin hakar ma'adinai ya bude shafi tun 2022 mai taswira, kana zaune a dakinka zaka ga wane fili ne aka bai wa wane kamfani, domin mai zuba jari daga Sin ko Indiya kada ya sha wahala. An kaddamar da dakaru na musamman masu gadin ma'adinai a 2024. An bude shafin baitulmali a Disambar 2019 don a rika ganin kudin da ma'aikatu ke biya. Duk abin da ya shafi kudi ko mai kudi ana samun kwamfuta da mai shigar da bayani. Jikin lebura ne kawai har yanzu ba a samo masa fom ba.

Tunda masu jadawalin suna son cewa haka ake yi a duniya, bari mu je duniyar. A Amurka hukumar kare lafiyar ma'aikata OSHA da aka kafa da dokar 1970 tana tilasta wa mai kamfani ya kai rahoton mutuwar ma'aikaci cikin awa takwas, idan kuma an kwantar da shi a asibiti ko ya rasa gaba ko ido cikin awa 24, kuma kowa zai iya rubuta sunan kamfani a shafinsu ya ga sau nawa sufeto yaje, me ya kama su da shi, nawa aka ci su tara. Bayan iskar guba ta kashe dubban mutane a Bhopal ta Indiya a 1984, Amurkawa suka yi doka a 1986 wadda ta sa masana'antu bayyana yawan sinadarin guba da suke zubarwa a iska da ruwa da kasa duk shekara, masana'anta bayan masana'anta, mutum ya sa lambar unguwarsu ya ga abin da makwabcinsa ke sakar masa. Ba waliyyai bane su ma, a watan Agustan 2025 Trump ya kori shugabar hukumar kididdigar kwadago saboda alkaluman aikin yi da ta fitar basu yi masa dadi ba. Amma dai can akwai abin da za a kori mutum a kansa. Mu mun dauko ma'aunin awa daya daga kasashen duniya saboda yana rage mana kunya, muka bar musu rajistar gawa saboda tana kara ta.

Mu zo ga muhalli, wanda a Filato ba labari bane na nesa. Tun farkon karnin da ya wuce Turawa suka fara hakar kuza a nan, kamfanoni irin su Amalgamated suka kwashe suka tafi suka bar mana daruruwan ramuka cike da ruwa daga Rayfield zuwa Bukur zuwa Barkin Ladi. Da ruwan nan ake noman rani, da shi ake ban ruwan kabeji da karas da tumatir da dankalin da ake lodawa zuwa Abuja da Legas, a cikinsa yara ke wanka, kuma duk shekara sai ya ci wasu. Masana sun dade da sanin cewa tarkacen da ake bari bayan an tace kuza yana dauke da ma'adanai masu fitar da tururin nukiliya, kuma akwai wadanda ke diban yashin su yi bulo ko su yi dabe. Cikin ramukan nan da ake kira dam, wanne ne ruwansa ke da lafiya, wanne ne bashi da ita? Malaman jami'a suna aunawa jefi-jefi su buga a mujallun da babu manomin da zai gani, hukumar kula da muhalli NESREA da aka kafa tun 2007 don irin wannan aiki bata da wani allo da mutumin Bisichi zai duba ya san abin da yake sha. Mun ga karshen irin wannan shiru a Zamfara a 2010, gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a kauyukan Anka da Bukkuyum, kuma ba wata hukumarmu ce ta fara gano abin ba, likitocin kungiyar agaji ta MSF ne suka lura kananan kaburbura sun yi yawa. Shekara biyar bayan haka aka maimaita a karamar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Alhali a Neja Delta hukumar NOSDRA tana da shafi da ke nuna malalar mai daya bayan daya, da rana da wuri da sunan kamfani da abin da aka ce ya jawo. Mutanen can suna korafin alkaluman basu cika ba kuma kamfanoni ke juya binciken, gaskiya suka fada, amma akalla suna da abin rikewa su yi rigima a kansa har kotun Landan. Sun samu ne saboda sun tada jijiyar wuya shekara da shekaru. Mu kuwa idan aka yi maganar hakar ma'adinai sai ta koma maganar tsaro da 'yan kasashen waje da wane ne dan kasa wane ne bako.

Kudin shiga ma haka. An sa hannu a mafi karancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024 aka yi ta murna, amma dokar bata hau kan wanda ma'aikatansa basu kai 25 ba, kuma ita NBS din tace mafi yawanmu ba a ofis ko kamfani mai rajista muke aiki ba. To nawa yarinyar da ke tsare shago a titin Ahmadu Bello take dauka a wata, nawa malamin makarantar kudi yake dauka, nawa ke shiga aljihun dan loto bayan mai rami da mai injin jan ruwa da dillali sun cire nasu? Farashin fetur da na tumatir ana fitarwa wata-wata, wannan kam a yaba musu, amma abin da mutum ke samu ya saya dasu sai an jira babban bincike na shekaru. Ita hukumar ce kuma tace a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, wannan jadawalin dai ban taba ganin masu manna hoto sun manna shi ba. Kidayar jama'a kuwa tun 2006, duk kason da ake rabawa a kan kiyasi ake raba shi.

Akwai masu cewa talaka ba alkaluma zai ci ba, a bashi abinci kawai, wadannan ko dai basu taba raka bazawara neman diyyar mijinta ba ko kuma suna da rami. Masu cewa fitar da sunan kamfani zai kori masu zuba jari kuwa, jarin da ke gudun a kirga gawarsa Allah raka taki gona. Na ukun su ne masu fakewa da dokar kare bayanan mutane ta 2023, kamar wani ya nemi lambar wayar mamaci.

Gwamnan Filato Caleb Mutfwang ya dakatar da hakar ma'adinai a fadin jihar a Fabrairun 2025 aka kafa kwamiti aka tantance kamfanoni. Da kyau. Wanda ya iya tara sunayen masu lasisi don tantancewa ya iya sa kowace karamar hukuma ta rike littafi daya, duk ramin da ya rufta da duk ginin da lebura ya fado da duk yaron da dam ya ci a rubuta, dagatai sun san su daya bayan daya, a karshen wata a manna a shafin jiha da bangon sakatariya, da Hausa da Turanci ba PDF mai shafi dari biyu ba. Idan ance ma'adinai hurumin tarayya ne, gawar dai a jiha ake binne ta. Dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa duk wanda ya tambaya, kuma kotun koli ta yanke a 2025 cewa dokar ta hau kan jihohi ma, don haka kungiyar kwadago reshen Filato da 'yan jaridar da ke zaman jiran sanarwar gidan gwamnati basu da sauran uzuri. Su rubuta wa NSITF da ma'aikatar kwadago da ta ma'adinai su nemi rahoton hatsari na shekara biyar, kamfani bayan kamfani. Idan an basu su buga. Idan an ce babu, su buga wasikar da aka ce babun, da sa hannun wanda ya rubuta ta.