Zaki Mai Kai Uku Da Shehunan WhatsApp

Shi wannan yaron mai bidiyon jiya, wa ya aike shi? Sau shida aka turo min tun asuba, har da Gwaggona ta Gadarif wadda ba ta taɓa turo komai ba sai gaisuwar Juma'a. Ya ɗauko hoton bangon tsohon ɗakin bauta na Naga da ke Sudan, mai zanen zaki mai kai uku, ya zagaye kawunan zakin da jan layi, ya sa kiɗa mai tayar da tsikar jiki, wai ga Dujal, ga tambarin Iluminati, wai shi ya sa ƙasar nan ta rasa zaman lafiya. Masha Allah! Shekara wajen 2000 dutsen nan yana shan rana, masana sun yi furfura a gindinsa, ashe amsar tana hannun mai datar kwana ɗaya.

Malam, zane ana karanta shi ne kafin a yanke masa hukunci. Ka tambayi wa ya yi shi, yaushe, wa yake yi wa magana. In ba ka yi ba, tsoron da ke cikinka kawai kake karanta mana.

Ni na je Naga kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Sai ka sauka daga titin Khartum zuwa Shandi, ka kutsa cikin rairayi har ƙugunka ya gaji. Sarki Natakamani da Sarauniya Amanitore ne suka gina ɗakin bautar nan a ƙarni na 1 Miladiyya, kuma zakin sunansa Afedamak, abin bautar mutanen tsohuwar daular Marawi na lokacin, na yaƙi da tsaron sarauta. A bangon baya yana tsakiya, kai uku, hannu huɗu. Tsaya ka kalli waɗanda ke gefensa, abin da yaronku ya yanke daga hoton: sarki a wannan ɓangare, sarauniya a wancan. Fuska ɗaya na duban mijin, ɗaya na duban matar, ta uku na dubanka kai mai kallo, hannaye kuma sun miƙa ga kowannensu. Masana da dama haka suke karanta shi: mai sassaƙar na cewa mutum biyun nan daidai suke a mulki. Je ka ƙofar shiga ka tabbatar. Sarki ya damƙe gashin abokan gaba zai sare su, ita ma sarauniya, ƙatuwar mace mai cikar jiki, ta damƙe nata. Siyasa ce tsagwaronta aka rubuta a dutse, irin fastar zaɓen zamaninsu.

Kuma mu Hausawa ne za mu firgita da zaki? Mu da muke durƙusawa gaban sarki muna "Zaki! Taka lafiya, toron giwa"? Akwai wanda ya taɓa cewa sarkin yana da wutsiya? A gefen ƙofar an sassaƙa zakin da jikin maciji yana fitowa daga furen bado, nan ma yaron ya yi ta salati. Ɗan'uwa, labarin asalinmu kacokan maciji ne a rijiyar Kusugu, da baƙo mai takobi, da sarauniya Daurama. Kakanninmu sun ɗauko shi daga can ƙasar Hausa har garin Mai Wurno a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, suna ba mu shi da dare, kuma ba su fasa sallah ba.

Na san abin da za ku rubuto. "Ai gumaka ne." To wa ya ce ba gumaka ba ne? Sun bauta masa, mu ba ma bauta masa, magana ta ƙare. Bayani ba ibada ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Yaya za ka duba da ido a rufe? "Ai Turawa ne suka faɗa maka." Baturen ma ya fi ka kunya. Tun kusan 1911 wani masani ɗan Ingila, Griffith, ya gano yadda ake furta haruffan Marawi, amma har yau ba a gama fahimtar harshen ba, kuma ba su ɓoye hakan ba. Kai ko sunan zakin ba ka sani ba, ka riga ka san ranar da zai fito.

Abin da ya ƙona min rai dai shi ne ƙarshen bidiyon, inda ya ce wawashe gidan tarihi na Khartum tsarkake ƙasa ne. Wallahi sai da na ajiye wayar. A gidan nan na ga zanen cocin Faras, tsohon garin Nuba a arewacin Sudan, waɗanda masana daga Folan suka ɓamɓaro daga bango tsakanin 1961 da 1964 kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye garin. A wasu zanen za ka ga waliyyi da farar fuska, shi kuma limamin cocin an yi shi da fata irin tamu, baƙin mutumin Nuba, ya zuba maka ido. Ba addinina ba ne, amma na daɗe a tsaye. Ɓarawon da ya shiga gidan nan ba tauhidi ya je karewa ba, kasuwa ya nufa. A 1834 ma wani ɗan Italiya, Ferlini, ya rusa kawunan dalar Bajrawiya, kaburburan sarakunan Marawi, don neman zinari, yau gwalagwalan Sarauniya Amanishaketo suna Balin da Munik a Jamus. Shi ma tsarkakewa ya yi mana ke nan?

Karanta zane kafin ka zage shi. Abin da nake cewa ke nan, ba wani abu ba.

Af, akwai wata rijiya mai zurfi dab da ɗakin bautar, makiyaya na jan guga da jaki, jakin ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki. Wani tsoho a wurin ya dafa mana jabana, wato gahawa, da citta, ya ƙi karɓar ko sisi, har ya ji haushi da na matsa. Hotunansa suna cikin wayar da na bari a Omdurman ranar da muka fito. Direbanmu na wannan tafiya, mai farar Hilux, na san kana bibiyata a nan. In kana da su, don Allah ka turo min.