Masu binciken 6G da tudun bayan gari

Bayan sallar isha'i, a wani gidan tuwo da ke Shara Mansur a Makka, wani dattijo da ya haura shekara talatin a ƙasar nan ya tsare wani matashi da tambaya. Umara ce ta kawo matashin daga Thuwal, kusa da Jidda, inda yake digiri na uku a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, wadda aka fi sani da KAUST. Ina gefe ina sauraro.

"Yaro, me kake karantawa a can? Fiƙihu ko hadisi?"

"A'a Baba, harkar sadarwa ce. Yadda waya ke magana da turken sabis ba tare da igiya ba. Muna aiki ne a kan wanda zai gaji 5G, wato 6G."

Dattijo ya tsame hannu daga kwano, ya dube shi. "To madalla. In kun gama, ku taimaka ku kai mana ko da na farkon ne garinmu. Har gobe in zan yi magana da ƙanena sai ya hau tudun bayan gari."

Aka kwashe da dariya, har da yaron. Amma maganar ta ƙi barin raina, domin a ganina Baba ya ba shi taken bincike da ya fi da yawa daga cikin waɗanda ake rubutawa nauyi. Ra'ayina ke nan: 'ya'yanmu da Allah ya kai manyan ɗakunan bincike na Saudiyya su riƙe tambayar tudun nan, kada tseren 6G ya ɗauke musu hankali gaba ɗaya.

Kada a ɗauka ina raina lissafin da ba a ga amfaninsa yau ba. Wayar da ke aljihun kowa a kan irinsa take tsaye. A 1948 Claude Shannon ya nuna cewa kowace hanyar sadarwa tana da iyakar saƙon da za ta iya ɗauka ba tare da kuskure ba, kuma tun daga nan masana ke ta neman kusantar wannan iyaka. Robert Gallager ya fito da wata dabarar gyara kuskuren saƙo a kundin digirinsa na uku a jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 1960, aka jingine ta kusan shekara talatin saboda kwamfutocin lokacin ba za su iya da ita ba. Yau ita ke ɗaukar data a 5G. Erdal Arıkan, malami a Jami'ar Bilkent da ke Ankara, ya buga tasa dabarar a 2009, ita ma ta shiga 5G. Wanda ya ce wa waɗannan mutane su bar alli da allo su je su kafa eriya da ya cuci duniya.

Saudiyya kuwa ta zuba kuɗi a wannan fage ba da wasa ba. An buɗe KAUST a 2009, ga ta Sarki Fahad a Dhahran, ga ta Sarki Saud a Riyadh. Kamfanonin waya sun fara sayar da 5G tun 2019. Ɗalibin da ya baro jami'ar da na'urar gwaji guda ake yi wa layi, ya zo ya tarar da kayan aiki da alawus da wutar da ba ta ɗaukewa, ba wanda zai ga laifinsa in ya bi abin da ake yayi.

Sai dai abin da ake yayin yana da tarko. Ana auna malami da yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka ambace shi, ana auna jami'a da matsayinta a jerin jami'o'in duniya. A 2023 jaridar El País ta Sifaniya ta bankaɗo yadda ake biyan wasu fitattun masu bincike na ƙetare kuɗi don su rubuta sunan jami'o'in Saudiyya a matsayin wurin aikinsu na farko, alhali ba a nan suke zaune ba. Inda awo ya zama haka, hanya mafi sauƙi ga ɗalibi ita ce ya ɗauki lissafin wani, ya sauya ɗan abu, ya gwada a kwamfuta, ya buga. Maƙala goma a shekara huɗu, ba wadda ta taɓa shaƙar ƙura.

Abin mamaki, babu ƙasar da ta kai wannan samun filin gwaji na gaske. Duk wanda ya kwana a Mina ya san abin da nake nufi. Hajiya ta ɓace wa 'yan tantinsu a hanyar jifa, ta ciro waya, sandunan sabis a cike, amma kira ya ƙi shiga. Ta ɗauka wayar ce ta lalace ko kati ya ƙare. Ba haka ba ne. Sandunan nan ƙarfin muryar turke kawai suke nunawa, ba su faɗin ko akwai sauran gurbi. Turke kamar rijiya yake, komai kusancinka da ita, in masu guga sun yi dubu sai ka jira. A hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, duk a kwari ɗaya, duk suna so su kira gida a sa'a ɗaya, kuma washegari su kwashe su koma Arfa. A shekarar ce zafi ya yi ajalin mutum fiye da 1,300, iyalai suka yi ta neman nasu ta waya. A irin wannan rana shigar kira ba ado ba ce.

Maganin cunkoson, wato a yawaita ƙananan turaku, a kawo na tafi-da-gidanka a kan motoci, a sa eriya mai baki da yawa da ke saita igiyar rediyonta ga kowace waya daban maimakon ta watsa ko'ina, duk daga ɗakin bincike ya fito. Wannan ɓangare Saudiyya ba za ta yi sake da shi ba, domin mutuncinta ne.

Matsalar ƙanen Baba ita ce ba ta da uwa a gindin murhu. Kishiyar ta Mina ce: mutane kaɗan, a warwatse, aljihu ba nauyi, ba wutar lantarki. Kamfani ya lissafa kuɗin turke da man janareta da mai gadi da batirin da ɓarayi za su kwance, ya ga katin da za a saya ba zai mayar da uwar kuɗi ba, sai ya wuce. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 2.6 ba sa kan intanet. Masu cewa wannan batun kuɗi ne da siyasa, ba na ilimi ba, suna da rabin gaskiya. Ɗaya rabin shi ne, aikin mai bincike ke karya farashi. Yaya za a yi turken da hasken rana kaɗai zai riƙe shi, ya riƙa gyangyaɗi da dare in ba mai kira? Yaya za a ci moriyar zangon talabijin da ke zaune ba kowa a kai, tunda igiyar rediyo mai ƙaramar mita, wato mai ƙarancin saurin kaɗawa, ta fi cin nisa da ratsa bango? Yaya wayar talaka za ta yi magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye, ko da jirgin da ke shawagi kilomita 20 a sama? Waɗannan tambayoyi ne masu wuya, kuma ana buga su a manyan mujallu. A KAUST ɗin ma Farfesa Mohamed-Slim Alouini, ɗan Tunisiya, ya daɗe yana jan hankali kan haɗa waɗanda aka bari a baya. Ƙofar a buɗe take ke nan, shiga ce ta rage.

Akwai ma abin da ɗanmu zai kawo wanda malaminsa ba shi da shi. Lissafin da injiniyoyi suka daɗe suna dogara da shi don hasashen inda sabis zai kai, wanda ake kira Okumura-Hata, daga awon da aka yi a Tokyo a shekarun 1960 ya samo asali, daga baya aka faɗaɗa shi don biranen Turai. Tokyo ba ta da katangar jar ƙasa mai kaurin kamu biyu, ba ta da unguwa guda rufin kwano, ba ta da hazon hunturu. Ƙura ba ta cika damun ƙananan mitoci ba, amma yayin da ake hawa sama zuwa inda 6G ke hari, ko a koma aika saƙo da hasken leza, sai ta fara cin rabonta. Wanda ya tashi a Gusau ko Damagaram ya san watan da rana ke zama kamar faifai a sama. Ya ɗauki na'urar awo ya tafi gida hutu, ya zaga lunguna da gonaki, zai dawo da abin da ba a samu a kwamfutar kowa ba.

Na san za a ce ɗalibi ba ya zaɓa, mai ba da kuɗi da mai duba aiki ke zaɓa. Gaskiya ne a shekarar farko. Amma babu malamin kirki da zai ƙi ɗalibin da ya zo masa da tambaya mai kyau da awon da ba kowa ke da shi ba. Inda na fi ganin gazawa shi ne a gida. Kamfanoni biyu sun biya gwamnatin Najeriya dala miliyan 273.6 kowannensu a gwanjon lasisin 5G na Disamban 2021. Ɗan abin da za a gutsura daga irin wannan kuɗi ya isa a haɗa jami'a a Kano ko Zariya da ɗakin bincike a Thuwal ko Dhahran, ɗalibi ya yi rabi can rabi nan.

Masu ganin mai digiri na uku ba ya kai sabis ƙauye su tuna da Mo Ibrahim. Ɗan Sudan ne, a harkar wayar hannu ya yi digirinsa na uku a Birmingham, ya kafa kamfanin waya na Celtel a 1998 lokacin da manyan kamfanoni ke ganin Afirka ba kasuwa ba ce. An sayar da kamfanin a 2005 kan dala biliyan 3.4. Layin da ya zama Zain sannan Airtel a hannunmu ya taɓa amsa wannan suna.

Da muka fito daga gidan tuwon, na ji yaron yana tambayar Baba sunan garin, da nisansa da inda turke na ƙarshe yake, da ko tudun ta gabas yake ko ta yamma. Baba ya ce tafiyar rabin sa'a ce a babur daga kasuwar da ke da sabis, kuma da damina ko a tudun sai an ɗaga wayar sama. Yaron ya rubuta a wayarsa. Sannan Baba ya duba agogo, ya ce bari ya gwada kira, yanzu ne ƙanen nasa kan hau bayan magariba ta can.