Saƙon sallar ɗan majalisa: wa ake gode wa, kuma da me?

Ana saura kwana biyu ko uku sallah, saƙonnin 'yan majalisa suke cika gidajen rediyon Kano da Dutse, a liƙa fosta a bakin kasuwa, a watsa a WhatsApp. Tsarin kusan ɗaya ne: godiya ga Allah, sai gwamna, sai masu martaba, sai shugabannin jam'iyya, can ƙarshe a ce "da dukkan masu yi wa al'umma hidima". A cikin waɗannan 'yan kalmomi na ƙarshe aka dunƙule malamin asibitin ƙauye da ungozoma da mai gyaran famfo da ɗan sintiri da masu haƙa kabari.

Ba na tare da masu cewa wannan godiya fatar baki ce kawai. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. A karkara kuma, yabon da aka yi wa mutum a bainar jama'a kariya ce gare shi. Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004 saboda zargin da aka yi wa maganin, kuma a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu wannan aiki a cikin birni. Matan da suka ci gaba da bi gida-gida suna shan zagi da kora su ne suka kai Najeriya ga shaidar rabuwa da cutar a Agustan 2020. Idan ɗan majalisa ya tsaya a filin idi, gaban liman da dagaci, ya ambaci irin waɗannan mata da alheri, maigidan da ya saba rufe musu ƙofa zai sake tunani. Abin da nake ƙi shi ne godiyar da mai yin ta bai san aikin da yake godewa ba. Wanda bai san aikin ba ba zai san abin da ya yanke wa mai aikin ba, sai ya aika masa da turmin atamfa alhali batir yake nema.

Mu ɗauki ƙaramin asibitin mazaɓa. Firjin da ake ajiye allurar rigakafi bai san hutun sallah ba. Dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, kuma safe da yamma sai an duba an rubuta a takarda. Firji mai aiki da hasken rana kai tsaye ba ya amfani da batir, amma idan ƙura ta rufe faifan sola ba a goge ba, sanyin zai ragu. Sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne: allurar Penta, mai kare yara daga cututtuka biyar, idan ta daskare ta lalace, shi ya sa kafin a jera robobin ƙanƙara a akwatin fita ƙauye ake barin su a waje har sai an girgiza an ji motsin ruwa. Allurar ƙyanda da ta tarin fuka kuwa, da zarar an haɗa su da ruwansu, bayan awa 6 zubarwa ake yi ko da saura. Ke nan idan babur ɗin fita ba shi da mai, ko taya ta fashe a hanyar ruga, ba jinkiri kaɗai aka samu ba: an yi asarar magani, uwar da ta baro aikinta ta jira a gindin bishiya kuma ba lallai ta sake fitowa ba. Yaro yana buƙatar zuwa a ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da wata 15. Zuwa ɗaya ya kuɓuce, sai an bi sawu.

A ɗakin haihuwa matsalar takan zama ta haske. Faifan sola yana nan a kan rufi, amma batiran sun mutu tun bara, ungozoma tana karɓar haihuwa da fitilar waya. A asibitoci da yawa kuma, wasu daga cikin masu kwana a bakin aiki 'yan sa-kai ne da suka gama makarantar koyon aikin lafiya ba a ɗauke su ba, ga masu shara da masu gadi na wucin gadi da alawus ɗinsu bai kama ƙafar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Su ne ke bakin aiki ranar sallah lokacin da ake kawo yaran da suka faɗi a babur.

Mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa shi ma ba ya shiga jerin sunayen da ake kai wa kayan sallah, alhali ranar da famfo ya tsaya garin gaba ɗaya ya san ƙofar gidansa. Alamomin lalacewa sanannu ne. Idan da asuba sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya fito, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo. Idan ana tuƙawa ruwan na zuwa kaɗan-kaɗan, robar silinda ta cinye. Idan hannun yana rawa hagu da dama, boris ne. Duk ƙananan kaya ne. Wahalar tana wajen isa gare su. Famfo samfurin India Mark II sai an zaro bututun gaba ɗaya kafin a kai ga silinda; kowane tsayinsa mita 3 ne, wato rijiya mai silinda a zurfin mita 30 bututu 10 ke nan na ƙarfe, cike da ruwa, ana ɗagawa ana kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Idan babu maƙalar riƙe bututu mai kyau ya suɓuce, komai ya faɗa cikin rijiyar, gyaran yini guda ya koma na makonni. Samfurin Afridev ya fi sauƙi, domin sandunan kawai ake zarowa a bar bututun. Ɗan majalisar da ya san wannan bambanci ba zai yarda ɗan kwangila ya dasa masa famfon da babu kayan gyaransa a kasuwar yankin ba, kuma zai gane cewa akwatin kayan aiki ɗaya da 'yan kayan canji a hannun makanike ɗaya na iya raya famfunan mazaɓa guda. Sabuwar rijiyar burtsatse ta fi daɗin ƙaddamarwa, na sani, akwai allo mai suna da hoto. Amma famfunan da suka mutu a ƙauyukanmu saboda roba da giris sun isa a fara da su.

A 'yan shekarun nan ma lokutan sallar biyu sun zo daidai da lokutan buƙata. Ƙaramar sallah tana faɗowa a Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ruwan ƙasa ke ja da baya, famfo ke shan wahala, ƙyanda da sanƙarau ke yawo. Babbar sallah kuma tana zuwa a Mayu ko Yuni, gab da damina. Ga mutanen gaɓar kogin Haɗeja, irin su Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, wannan shi ne lokaci na ƙarshe da za a gyara jinga a sare ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Aikin gayya ne, matasa ke shiga ruwa da lauje da adda. Abin da suke buƙata buhunan zuba ƙasa ne da shebur da baro da kwalekwale da rigunan kariya daga nutsewa, da abincin da za su ci a wurin. Buhu ba a cika shi taf. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ake zubawa don ya kwanta ya manne da ɗan'uwansa, a jera su a sarƙe. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san kayan da aka kawo a watan Satumba sunansu kayan jaje. Daga Yuli kuma masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro za su fara bi gida-gida wajen yara 'yan wata 3 zuwa 59, kowane wata har ƙarshen damina, cikin ruwa da taɓo. Takalmin ruwa da rigar ruwan sama ba su fi ƙarfin kowane ɗan majalisa ba.

'Yan sintiri tocila da batir suke nema, da kuma amsar tambaya ɗaya: idan ɓarayin shanu suka ji wa ɗayansu rauni, wa zai biya kuɗin asibiti? Masu haƙa kabari kuwa diga da shebur da itacen rufi ne, da katangar da za ta hana dabbobi shiga maƙabarta.

Za a ce ai wannan aikin gwamna ne da shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisa doka yake yi. Gaskiya ne, kuma a nan ne godiyarsa ta fi ta kowa ƙarfi idan ya so. Sashe na 128 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa majalisar jiha ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su, sashe na 88 ya bai wa ta tarayya irinsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana shiga asusun asibitocin mazaɓu kai tsaye. Kano na da mazaɓu 484, Jigawa 287. Yawancin 'yan majalisar jiha ba su wuce riƙe goma sha wani abu ba, wasu ma ba su kai ba. Babu uzurin da zai hana shi sanin ko kuɗin ya iso, yaushe, kuma me aka saya. Tambaya ɗaya a zaman kwamiti game da ɗaukar 'yan sa-kan asibiti aiki ta fi musu buhun shinkafa goma.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen haɗa sunaye. Da zarar an ce shugaban jam'iyya na mazaɓa ya kawo jerin "masu hidima", sai ka ga sojojin baka da 'yan jagaliya sun cika takardar, ungozomar da mijinta ke ɗaya jam'iyyar kuma babu ita. Wannan ya fi rashin godiyar muni, domin yana koya wa ma'aikaci cewa ladansa yana ga wanda ya zaɓa. Jerin ya kamata ya fito daga mai unguwa da dagaci da shugaban asibiti da kwamitin raya mazaɓa, a rubuta sunan mutum da aikinsa da abin da ya yanke masa, a karanta a fili don wanda aka tsallake ya yi magana. Kayan aiki kuma a miƙa su ga kwamiti da rasit, kada su zama mallakar mutum ɗaya, kuma kada a buga musu tambarin jam'iyya. Ma'aikaciyar rigakafin da ta shiga gida da hijabi mai hoton ɗan takara ta rasa rabin gidajen unguwar.

Abin da ya fi ƙarfin aljihun ɗan majalisa, kamar batiran sola da babura da guraben aiki da injin sare kacala, wurinsa kasafin kuɗi. Gwamnoni sukan kai kasafi majalisa a Nuwamba ko Disamba, ma'aikatu kuma suna haɗa nasu tun watanni kafin nan. Jerin da aka tattara a babbar sallah yana da kamar wata huɗu ya isa teburin kwamishinan lafiya ko na ruwa a rubuce, da sunan kowane gari da adadin abin da ake nema. Idan ya wuce wannan lokaci, sai kasafin wata shekarar.